Hiske Mai Kiwon Tsutsa

A Hallewier, in ka tambayi gidan Hiske Tolsma sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce Direba, nan take za a nuna maka: bi ta bayan coci, ka tsallake gadar magudana, gonar da ka ga ta fi kowace yamutsewa, to ita ce. Hiske ta daɗe da ajiye tuƙin bas, sai dai mutanen ƙauyenmu in suka liƙa maka suna, tare za a binne ku.

Gonar ta kakanta ce, Pake Wiebe, mutumin da har yau a wannan ɓangare na Frisland, a arewacin ƙasar Holan, ake buga misali da rowarsa. Lokacin da takin zamani ya shigo, kowa ya ruga ya saya. Wiebe ya tambayi kuɗin buhu, aka faɗa masa, ya ce a bar shi, shanunsa na yi masa taki kyauta safe da yamma, da ɗuminsa ma. Da aka kawo maganin feshi kuwa, cewa ya yi ba zai sayi guba da kuɗinsa ya zuba wa ciyawa ba, alhali ko surukarsa bai taɓa saya wa ba. Wannan ba wata aƙida ba ce, rowa ce tsagwaronta. Gonarsa ta cika da ƙaya da furanni da duk wani tsiron da iska ta ga dama ta kawo, shanunsa kuwa ƙanana, masu taurin kai irin na mai su.

Ɗansa Auke, uban Hiske, a cikin kunyar wannan gona ya tashi. Ranar da ta dawo hannunsa ya yi mata aski. Ya baje tudu, ya cike kwari, ya yi feshi, ya shuka ciyawa iri ɗaya tak, kore shar kamar an shafa fenti. In fure ya yi kuskuren leƙowa a tsakiyar fili, Auke zai tsayar da tarakta ya sauko ya je ya same shi har inda yake. Shanunsa suka riƙa zubar da madara kamar famfo, yana ciwo lambobin yabo a gasar yanki. A falonsu hoton wata saniya ya fi hoton aurensu girma, matarsa Minke ta daɗe da haƙura.

Magajin da ya tanada shi ne ɗansa na fari, Hidde. Sai dai ranar da aka fara kai Hidde ya taya karɓar haihuwar saniya, yana ganin ƙafar maraƙi ta leƙo ya sulale ƙasa a sume, aka bar saniya da naƙudarta aka koma yi masa fifita. Yanzu yana birnin Groningen yana gyaran fiyano, kuma an ce ya iya. Hiske ce ta janyo maraƙin nan a ranar, tana yarinya, amma Auke bai taɓa kallonta da idon magaji ba. Kyan ɗa ya gaji ubansa aka ce, shi bai ji an ambaci 'ya ba. Da ta ga haka sai ta tattara ta tafi birnin Ljouwert ta kama tuƙin bas. A can ta koyi haƙuri da jama'a da zagi baki a rufe. Ta yi aure, auren ya sace a hankali kamar taya, ta sauka ta ci gaba da tafiya.

Tana cikin wannan rayuwa uwarta ta kira ta a waya. A yarenmu uba shi ne Heit, uwa Mem, kaka kuwa Pake.

"Heit ɗinki ya faɗo daga tsani."

"Mem! Ya mutu?"

"Ina fa. Yana nan yana zagin likita. Ƙugu ne ya karye. Shanu kuma ba su san an kwantar da shi ba."

Ta zo da niyyar ta riƙe na ɗan lokaci. Ƙugu ya ɗinke a karkace, Auke ya tashi da sanda da ɗingishi, ya ƙi yarda cewa aikin ya fi ƙarfinsa. Sai da Hidde ya zo ya ce, cikin ladabi, to me zai hana a sayar wa maƙwabci, Douwe Bangma, tunda ya daɗe yana so. Jin sunan Douwe kawai ya sa Auke ya nemi biro ya sa hannu ya bar wa Hiske komai. Shi da Minke suka koma wani ɗan gida a bakin ƙauye, wanda tagarsa ke kallon gonar.

Da farko yadda uban ke yi haka ta yi. Ta zuba taki, ta yi feshi, ta yi huɗa, ta tatsi madara. Ba ta zo da wani tunanin gyara duniya ba, ita dai a ƙare wata lafiya.

Sai aka yi wata kaka mai ruwa, sama ta ɓalle ta ƙi tsayawa. Ruwa ya kwanta a filayenta kamar an zuba a faranti, ya ƙi shiga ƙasa. Ta shiga da tarakta don ta kwaso ragowar ciyawa, tarakta ta nutse har ciki. Dole ta kira Douwe, mutum mai tumbi da tarakta mai girman coci. Ya iso yana washe baki.

"Direba! Nan ba tasha ba ce fa. Ko fasinja kike jira?"

"Ɗaura igiya ka ja, Douwe, kafin in sauke ka in sa ka turi."

Kafin a ja sai da ta haƙe gindin tayoyin da shebur. Ƙasar da ta fito toka-toka ce, a dunƙule kamar sabulu, tana wari irin na kwata. Ta yi ta haƙa har ta gaji, ko tsutsa ɗaya ba ta gani ba. Da aka fitar da tarakta ta taho gida da ƙafa, shebur a kafaɗa, ta yanke ta wata 'yar kusurwa da ke bayan coci. Wurin matsattse ne, inji ba ya iya juyawa a ciki, shi ya sa Auke ya bar shi yadda Pake Wiebe ya bari, ana sakin maruƙa. Nan ta lura takalminta bai nutse ba. Ruwan da ya hana ta sakat a can, nan ko alamarsa babu. Ta kafa shebur ta juyo ƙasa baƙa, tana wargajewa kamar marmashin burodi, tsutsotsi na ta mutsu-mutsu suna neman wurin ɓuya. Ta daɗe a tsugune tana kallonsu, ruwa na dukan bayanta.

Ta je ta ba ubanta labari. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "Tsutsa kike tatsa ko saniya?"

Abin dai ya tsaya mata a rai. Ta ji ana taron masu noma ba sinadari a wani ƙauye, ta je a ɓoye kamar mai zuwa wurin boka. Wani mai gemu ya miƙe yana cewa ƙasa uwa ce, a rufe ido a saurari numfashinta. Aka raba musu shayin wani ganye mai ɗanɗanon ruwan wanke-wanke. Hiske ta fara laluben makullin mota. Sai wata tsohuwa da ke kusa da ita, mai hannu kamar faifai, ta taɓa ta.

"Rabu da shi, bai taɓa tatsar ko akuya ba. Ke dai ki ajiye garma. Ki janye taki a hankali. Ki gauraya iri, ki sa ciyawar nan mai ganye uku-uku, ita ke ciyar da ƙasa. Shanu kuma kullum ki matsa musu gaba, kada su cinye wuri har gindi. Kashinsu ki haɗa da tattaka ya ruɓe kafin ki watsa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Shekarun farko za ki sha kuka."

"Bayan nan fa?"

"Bayan nan sai ki saba."

Wannan amsa ce ta sa Hiske ta yarda, don duk wanda ya yi mata alkawarin daɗi ba ta yarda da shi.

Ranar wata Lahadi, suna cin dankali da kabeji a gidan iyayen, ta fasa ƙwan.

"Heit, na sayar da garma."

Auke ya ajiye cokali. "Garmar wa?"

"Tawa. Injin feshi ma akwai mai zuwa ya gani."

Ta yi masa bayani dalla-dalla, har da takardar shaidar da za a ba ta in ta yi shekarun jira ba ta zuba komai ba, da yadda madarar za ta fi daraja. Yana ji fuskarsa na sauya launi.

"Tsaya in gane. Ba taki, ba feshi, ƙaya ta yi yadda ta so, shanu su yi kashi a ce an gode. Yarinya, ai rowar kakanki ce wannan! Rowar ce yanzu ake ba wa takardar shaida?"

"Ita ce, Heit. Har da hatimi."

"Rayuwata duka na ƙarar ina wanke sunan gidan nan!"

"Auke, abincinka na hucewa," in ji Minke, ta ƙara masa romo.

Tsohuwar nan ba ta yi ƙarya ba. Ciyawar da ta saba a ba ta a baki, da aka janye mata taki sai ta yi rawaya ta kwanta kamar mai jinya. Madara ta ja baya, har direban motar da ke zuwa ɗauka ya tambaye ta ko shanun sun shiga yajin aiki ne. Ta sayar da wasu don abincin ya isa. Ƙaya kuwa kamar an aika mata goron gayyata. A mashaya aka ce Pake Wiebe ya taso daga kabari ya shiga jikin jikarsa. Ta jinkirta yankan ciyawa don tsuntsayen fadama masu dogon baki su ƙyanƙyashe, tsuntsaye suka dawo, dila ya biyo su ya cinye rabin ƙwan. Sau da yawa takan shige ɗakin tatsa ta jingina goshi da cikin saniya ta yi kukanta, saniya na tuƙa, babu ruwanta.

Auke kuwa ya karɓe madubin hangen nesan da Minke ke kallon tsuntsaye da shi, ya kafa kujera a taga. Kullum sai waya ta yi ƙara.

"Akwai ƙaya a filin gabas."

"Na sani, Heit."

"Ta yi fure. Ta ce a gaishe ki."

A cikin wannan hali ne aka yi maganar kamfai. Hiske ta ji a wurin taronsu cewa in kana so ka san ko ƙasarka na da rai, ka binne tsumman auduga ka dawo bayan 'yan watanni ka gani. Ta yi subul da baka ta faɗa a gaban Douwe, shi kuma ya ce a gwada, a binne ɗaya a nata ɗaya a nasa, wanda ya faɗi ya sayi giya. Auduga zalla ake so, kuma duk Hallewier mutum ɗaya ne ya rage mai sa farin kamfan auduga irin na da, mai faɗin tutar ƙasa. Minke ta zaro biyu daga durowar mijinta ba tare da ta yi shawara da kowa ba.

Ranar tono rabin ƙauye ya hallara, har da Auke, wanda sai a wurin ya gane kayan waye. Aka tono na filin Hiske, babu abin da ya rage sai robar ƙugu da wasu zare-zare. Aka tono na filin Douwe, ya fito cif, in ban da ƙasa da ya sha. Jama'a suka fashe da dariya.

"To, sai me?" in ji Douwe. "Ni madara nake sayarwa, ba cin kamfai ba. Ku je ku auna tankina ku auna nata."

Gaskiyarsa kuwa, don a lokacin ya ninka ta. Auke ya tako da sandarsa ya karɓe mai lafiyar, ya kakkaɓe shi, ya ce ƙasar da ta san mutuncin kayan mutane ita ce ƙasa. Minke ta wanke, kuma ta tabbatar wa matan coci cewa yana sawa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Filin da ke bakin hanya, wanda duk mai zuwa coci sai ya wuce ta gabansa, shi ya fi kowane ramewa, shi ne kuma ya fi ci wa Auke rai. Wata rana da Hiske ta tafi sayen iri, ya lallaɓa tsohon rumbu inda wasu buhunan taki suka rage, ya cika bokiti ya rataya a keke, ya shiga filin yana watsawa da hannu. Bai gaya wa kowa ba. Amma ciyawa ba ta iya riƙe sirri. Bayan ɗan lokaci sai ga wani layi kore shar ya ratsa filin, a karkace, nan ya yi kauri nan ya sirance, sawun mai ɗingishi sak. A makon ne kuma mai duba gonaki na masu ba da takardar shaida ya zo zagayensa. Mutum ne mai ladabi. Ya bi layin har bakin magudana, ya tsuguna ya tsinci 'yan farin ƙwayoyi a tafin hannu, ya ce ya yi baƙin ciki, amma wannan fili sai ya koma farkon jira.

Hiske ba ta ko cire takalmin roba ba ta faɗa falon iyayenta, tana zuba laka a kan darduma.

"Heit, kai ne?"

"Ni ne me?"

"Filin ya rubuta sunanka, har da ɗingishin!"

Ya juya ya kalli taga. "Yunwa ciyawar ke ji. Ba zan zauna ina kallo ba."

"Wahalar da na sha duk ka mayar mini baya! In ka sake taka gonar nan, na rantse wayar lantarkin shanu zan kewaye maka gida da ita."

"Gonata ce!"

"Ka sa hannu."

Wannan kalma ta fi mari zafi, ita ma ta sani tun kafin ta gama fita daga bakinta. Ta juya ta tafi. Waya ta daina ƙara. Suka yi watanni ba sa magana, a coci kowa ya kama ɓangarensa. Minke ce ke safara tsakani da tukunyar miya, tana kai wa kowa gaisuwar da ba a aiko ba.

Kaka ta sake zagayowa. A lokacin ciyawa mai ganye uku ta kama ƙasa sosai, ta yi luf-luf gwanin sha'awa. Wata safiya mai raɓa Hiske na sauri, injin tatsa ya lalace, sai ta buɗe wa shanu sabon wuri da yunwarsu ta koma gyara. Tana kwance a ƙarƙashin inji ta ji ƙarar keke ya daki ƙofa. Ta leƙo, sai ga ubanta yana tasowa daga ƙasa, hula ta faɗi, riƙe da wuƙar yankan nama ta Minke. Abin da ya fara zo mata shi ne tsohon ya gaji, ita ya zo yankawa.

"Shanunki na kumbura, shashasha! Ɗauko tiyo! Ɗauko duk man girkin da ke gidan!"

Ta ruga. A fili shanu sun tsaya ƙafa a wawware, cikinsu ta hagu ya tashi kamar ganga, suna nishi harshe a waje. Biyu sun riga sun kwanta. Jiƙaƙƙiyar ciyawar da suka ɗura ce ta yi kumfa a ciki ta hana su gyatsa. Ta kira likitan dabbobi, ya ce yana can nesa hannunsa na cikin wata saniyar, su yi abin da za su iya.

Auke ya jefar da sanda. Ya dafa wadda ta fi galabaita, ya laluba tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ya ɗaga wuƙa ya luma. Iska ta fito da wani irin fito, koren kumfa mai ɗoyi ya biyo baya ya wanke masa fuska har cikin baki. Ya tofar, ya yi wani zagi da bai dace da dattijon coci ba, ya cusa guntun tiyo a ramin.

"Kin ga wurin? Tafin hannu ɗaya daga ƙashi. Kada ki ji tausayi, tausayi ne zai kashe ta. Jeki waccan!"

Ta karɓi wuƙar ta luma wa ta biyu. Waɗanda ba su yi nisa ba suka ɗaga musu kai suka ɗura musu man girki, Minke ma ta iso da nata kwalaben a kwandon keke. Sannu a hankali fili ya cika da gyatsa da tusa, Hiske ba ta taɓa jin kiɗan da ya kai wannan daɗi ba. Amma ɗaya ba su kai gare ta da wuri ba. Afke ce, jikar saniyar nan ta hoton falo, wadda ta fi kowace madara. Ta mutu a gefen magudana, ƙafafu a miƙe.

Suka zauna a bakin kwamin ruwa, su biyu kore-kore, ƙuda na binsu.

"Ba a sakin saniya da yunwa a kan wannan ciyawa," in ji Auke. "A fara ba ta busasshiya, a jira raɓa ta ɗauke."

"An faɗa mini. Sauri na yi." Ta share hanci da hannun riga, ta ƙara shafa wa kanta kore. "Wa ya koya maka sukar nan?"

"Wa kuwa? Kakanki. Duk kaka sai mun yi. Kiran likita kuɗi ne."

Ya juya ya kalli gawar Afke. Can ya ce, "Ina yaro, wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan gonar rago, wadda ƙaya ta rufe. Coci kaf ta juyo tana kallon bencinmu. Pake ɗinki barcinsa yake yi, har da minshari. Ni ne idona biyu."

Hiske ta juyo ta kalle shi. Tunda take ba ta taɓa tunanin ubanta ya yi yarinta ba. Ta miƙa hannu ta cire masa wani ganye da ya maƙale a gira.

"Kana wari, Heit."

"Ke ma ba turare kike ba."

Bai ba ta haƙurin taki ba, ita ma ba ta ce ta janye dokarta ba. Washegari dai aka gan shi a filin gabas da wani tsohon ƙarfen cire ƙaya da ya tono a rumbu, yana tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya yana yi wa kowace zagi na daban. Ta kai masa gahawa a can. Ya kurɓa ya ce ta yi sanyi.

Takardar shaida ta zo daga baya, filin bakin hanya ya biyo a makare. Ƙasa ta fara shan ruwanta, ko da yake in sama ta yi fushi sosai har yanzu Douwe kan sami abin dariya. Hiske ta koyi yin cuku a tsohon ɗakin maruƙa. Na farko da ta yi ko kare ya ƙi ci, yanzu kuwa mutanen birni na tasowa da kekunansu ranar Asabar su saya, su tsaya suna shaƙar warin kashin shanu suna lumshe ido. In suka ce mata tana ceton duniya, sai ta ce su matsa, sun tare wa baro hanya. Ba ta yi arziki ba. Douwe har gobe ya fi ta madara, ya fi ta mota, ya kuma fi ta hawan jini. Auke ya haura tamanin, kuma in baƙi suka tare shi a fili yakan gaya musu cewa wannan noma a gidansu aka ƙirƙiro shi, yarinyar ma shi ya nuna mata. Hiske na ji daga ɗakin cuku, tana ci gaba da aikinta.

Hunturun da ya wuce iska ta karya allon da ke bakin ƙofar gona. Tsohon allo ne da Auke ya kafa shekarar da aka haifi Hidde, an rubuta A. Tolsma da Ɗansa. Hiske ta daɗe tana wuce shi safe da yamma ba ta taɓa cewa komai ba. Ta ce za ta ba mai fenti ya yi sabo, Auke ya ce ina, yana da rai ba za a kira wani ba. Ya sa aka kai masa katako gida, ya kulle kansa yana aiki, ya hana kowa leƙawa.

Da ya gama ya kawo shi a baro, lulluɓe da tsohon bargo, ya yaye. Ya fara da sunansa da manyan haruffa, manya ƙwarai, har katako ya kusa ƙarewa bai ankara ba. A ɗan wurin da ya rage, can ƙasa a kusurwa, ya matsa wasu ƙananan haruffa a kwance, suna gangarowa kamar za su zube. Hiske ta sunkuya, ta karkata kai, sannan ta iya karantawa: da Hiske.

"Heit, wannan ai sai mai tabarau."

"Katakon ne ƙarami. Wa ya ce ki sayo ƙarami?"

"Kai ka ba ni awo."

"To riƙe nan, kin tsaya surutu. Ɗaga ɓangarenki. Ba haka ba, sama!"

Ta ɗaga, ya buga ƙusa, ya sami yatsansa a bugu na biyu. Allon na nan a karkace har yau, ta hana kowa gyarawa.